Rabin Rijiya

Shekara ashirin, in ji takarda.
A gwangwanin madara na adana ta,
tare da katin rigakafin yara
da haƙorin farin Ummulhairi.
Jiya na zaro ta, ta koma launin jar kanwa.
Gara ta gaigaye gefe guda
amma ta tsallake kwanan wata.
Ashe ita ma ta san abin da ba ya ciwuwa.

Saura wata huɗu.

Ranar da muka ƙulla,
Malam Barau bai iya boko ba.
Ya dangwala babban yatsa a tawada,
ya goge ragowar a bakin tabarma.
Ɗaki biyu, rumfa, makewayi, rabin rijiya.
Na ce, "Malam, rijiya kuma rabi?"
Ya ce, "Na sama naka, na ƙasa nawa.
In ka ja naka, nawa ya hauro,
shi ke nan ka ci bashi."
Har liman sai da rawaninsa ya karkace.

Lokacin sabon ticha nake daga Ringim,
keke ɗaya, akwati ɗaya, amarya mai laulayi.
Shekara ashirin ta yi mini kama da gulbi.
Wa ke auna gulbi da moɗa?

Ni na sauke azara na ɗora kwano,
ni na yi daɓen siminti da albashin watanni uku.
Lemun tsamin da ke leƙen katanga
a gwangwanin tumatir na kawo shi.
Takarda ba ta san wannan ba.
Ba ta san an binne cibiya huɗu
a bayan ɗakin gabas ba,
ko cewa ɗaya daga masu cibiyar
yana kwance can gefen gonar Barau,
inda ba a biyan haya.

Barau ya rasu bara da kaka.
Kwalta ta zo, ta ratsa ta ƙofar gida,
ƙasa ta fara jin sunanta a bakin dillalai.
Ran Juma'a Tukur ya iso daga birni
da igiyar awo a aljihun kaftani.
Tukur, wanda na yi fama da shi a aji uku,
rabawa ta gagare shi har ya yi kuka.
Yanzu ya iya.

A zauren mai unguwa muka zauna.
Ya gaishe ni a durƙushe, ban ƙwace masa wannan ba.
Na ce goma nake roƙo.
Ya ce, "Malam, uku, kuɗi kuma ninki.
Mu tara ne a kan gadon nan."
Gaskiyarsa. Na ƙirga su da kaina,
bakwai sun bi ta ƙarƙashin allina.

Ana cikin ja, sai tari daga bayan zana.
Iya Dudu, matar marigayi,
wadda ba a kira ba.
Ta ce, "Tumunina fa, ina aka ajiye shi?
A auna mini ta wajen rijiya.
Shekara ashirin ban taɓa guga ba,
'ya'yan mutumin nan ke cika mini randa.
In ya tashi, kai za ka zo daga Kano ka ja?"

Tukur ya dubi igiyarsa.

Bakwai aka rubuta.
Kuɗi ya hau, ba ninki ba, amma zai ciji fansho.
Ya sa hannu da biro mai ruwan zinare,
Iya ta dangwala yatsa ta bayan zana,
na karɓi takardar tawada ba ta bushe ba.

Sittin da uku gare ni bana.
Ban san wanda zai riga ƙarewa ba,
ni, ko Iya, ko takarda.
Dukkanmu dai haya muke,
Mai gidan kuma bai nuna wa kowa kwanan wata ba.

Da na biya kasuwa neman sabon gwangwani
na tarar da mai dashen mangwaro.
Na ce, "Shekara nawa ya yi 'ya'ya?"
Ya ce, "Biyar, in ya samu ruwa."

Ruwa kam akwai.
Rabin sama nawa ne.